Yadda ake yin katin rataye na kyautar Sallah tare da yara

Tun Babbar Sallar da ta wuce, da aka ga kulolin abinci da ledojin naman gidanmu suna fita da ɗan kati rataye a hannunsu, mata ba su daina tambayata ba. An tambaye ni a gidan suna a Unguwar Rimi a nan Kaduna, an tambaye ni a Islamiyya, har wata maƙwabciyata ta aiko 'yarta da takarda wai in rubuto mata matakan a jere. Wasu sun ɗauka wurin masu buga katin biki na kai aka yi mini. A'a, yarana ne suka yi, a tsakar gida, kan tabarma.

Abin da ya sa na fara shi ne wahalar rabo. Ranar Sallah yaro zai fita da kula uku, a ce masa wannan ta Goggo ce, wannan ta gidan Liman, wannan ta Maman 'yan biyu. Kafin ya kai bakin layi ya haɗu da abokansa, lissafi ya rikice. Miyar da aka rage wa yaji saboda tsohuwa ta tafi wani gida, kular kuma ta yi sati biyu ba ta dawo ba don ba a san mai ita ba. Ɗan kati mai suna ya kashe wannan matsalar. Ga yadda muke yi.

1. Fara da sunaye, ba da almakashi ba

Kafin ki sayi komai, ki zauna da yaran ku rubuta duk gidan da za a kai wa wani abu: kakanni, su Baffa da su Kawu, surukai, maƙwabta, malamin Islamiyya, mai gadin layi. A gaban kowane suna ki sa abin da za a kai, tuwo ne ko cincin da dubulan ko nama ko yadi. Wannan ne zai gaya miki yawan katin da irin kariyar da kowanne yake bukata, domin katin da zai zauna a jikin ledar nama ba ɗaya yake da na kwalin turare ba.

Ki ƙara kati biyar ko shida a kan adadin da kika samu. Wasu za su lalace wajen aiki, kuma ba a rasa gidan da za a tuna da shi da safiyar Sallah.

2. Kayan aiki da inda za ki same su

Abin da za ki saya kaɗan ne: kwali mai kauri fari ko mai launi, almakashin yara mai dakusasshen baki, gam fari irin su Top Bond, salatif mai faɗi, biro mai kyau da maka wadda ruwa ba ya wanke ta, sai ƙullin ulu ɗaya ko biyu. Duk ana samunsu wurin masu sayar da kayan makaranta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ma a shagon littattafai na unguwa. Abin huda takarda irin na ofis shi ya fi tsada a ciki, don haka ki ara wurin malamar makaranta ko mai shagon kwafin takardu. Ni duk abin da na kashe a kati arba'in bai kai kuɗin ɗinkin rigar Sallar yaro ɗaya ba, kuma salatif da ulu sun yi saura har Sallah ta gaba. Ki sayi kwali tun da wuri, kada ki bari sai daren Sallah lokacin da kasuwa ba wurin sa ƙafa.

Sauran kayan suna cikin gidanki. Tsofaffin katunan gayyatar biki su ne gaba, domin takardarsu tana da kauri kuma yawanci bayanta fari ne. Kwalin shayi da kwalin sabulu ma suna yi idan aka manna musu farar takarda. Ƙyallen atamfa da leshi da shadda kuwa, ki je wurin telanki, ko ki leƙa Kasuwar Barci a Tudun Wada inda teloli suke da yawa. Gab da Sallah ƙyallaye tsibi suke a ƙarƙashin keke, sau da yawa kyauta za a ba ki. Idan kin samu ragowar ƙyallen kayan Sallar yaran, ya fi, don duk wanda ya ga katin zai gane daga gidan da ya fito.

Gargaɗi: kada ki yi amfani da kwalin maganin sauro, ko na maganin ɓera, ko na maganin asibiti. Katin nan kusa da abinci zai zauna, kuma yara suna sa hannu a baki. Tsohuwar kalanda ma ki duba ta kafin a yanka, da yawa suna ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah.

3. Rana da wuri

Ku yi aikin kamar sati ɗaya kafin Sallah, da hantsi, a tsakar gida ko baranda, inda ba ruwanku da an kawo wuta ko an ɗauke. Idan Ƙaramar Sallah ce kuma manyan yaran suna azumi, safiyar Asabar ta fi, kafin yunwa ta sa su fara ƙunci. Ki raba aikin kwana biyu: ranar farko yanka da ado, rana ta biyu rubutu da ɗaura zare. Yaro ɗan shekara biyar ba zai zauna fiye da rabin awa yana abu ɗaya ba, idan ya tashi ki ƙyale shi.

Shimfiɗa tsohon buhu ko jarida a kan tabarma, a sa tsofaffin kaya, ki ajiye bokitin ruwa da tsumma kusa. Idan akwai mai rarrafe a gidan, a goya shi ko a jira ya yi barci.

4. Yanka

Idan takardarki girman A4 ce, wato santimita 21 da 29.7, hanya mafi sauƙi ita ce a ninka ta gida biyu har sau uku. Za ki samu kati takwas, kowanne kusan santimita 7 da rabi a faɗi, 10 da rabi a tsawo. Wannan girman ya dace da ƙananan yara, don rubutunsu manya ne. Idan kina son ƙanana, ki auna santimita 5 da 9 da rula, takarda ɗaya za ta ba ki 12.

Ki yanka guda ɗaya da kanki daga kwali mai tauri ya zama ma'auni. Ki datse kusurwa biyu na sama a karkace, shi ne yake ba shi kamannin katin rataye. Daga nan yaro ya ɗora ma'aunin a kan kwali, ya zagaye da fensir, ya bi layi da almakashi. Don kusurwoyin su zo daidai, guntun da aka datse daga gefe ɗaya a juya shi a ɗora a ɗaya gefen a zana.

Gargaɗi: reza da wuƙa na hannunki ne ke kaɗai, kuma idan kin gama ki ɗauke su daga wurin gaba ɗaya. Kada ki ba yaro almakashin tela, yana da nauyi da kaifi, kuma takarda tana dakusar da shi.

5. Huda rami kafin ado

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sai an gama ado mai kyau sannan a zo hudawa, ramin ya faɗa kan furen da yarinya ta ɓata lokaci a kai, ko kwalin da ya jiƙe da gam ya yage. A huda tun yana busasshe.

Ki manna ɗan guntun salatif a inda ramin zai zauna, gaba da baya, sannan ki huda ta cikinsa. Ki bar kamar santimita ɗaya tsakanin ramin da bakin katin. Idan ya matsa baki sosai, zare zai tsinke shi tun kafin yaro ya fita ƙofar gida. Wanda ba shi da abin huda takarda ya ɗora katin a kan katako ya buga ƙusa, ko ya yi amfani da basilla, amma wannan aikin babba ne.

6. Gam da launi na gida

Idan ba ki sayi gam ba, sitaci yana yi. Ki dama babban cokali ɗaya da ɗan ruwan sanyi, ki zuba tafasasshen ruwa kamar rabin kofi kina juyawa, kamar dai yadda ake yi wa wanki amma ya fi kauri. Ki bari ya huce sarai kafin yara su taɓa. Ba ya kwana biyu bai yi tsami ba, don haka a dama daidai na ranar. Ƙaro ma yana yi, irin wanda ake sa wa tawadar allo: a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, a tace. Yana riƙe takarda da kyau, amma ƙyalle mai nauyi ya fi son gam fari.

Launi kuwa, zoɓon da aka dafa da ruwa kaɗan yana ba da ja, sai dai idan ya bushe a takarda yakan koma shuɗi-shuɗi. Ɗigon lemun tsami a ciki yana riƙe jan. Kurkum yana ba da rawaya mai haske, lalle yana ba da ruwan ƙasa, shunin wanki yana ba da shuɗi. Ina son waɗannan saboda yaran suna ganin abin da suka sani a kicin ya zama fenti, kuma hankalina ya fi kwanciya idan ƙarami ya lashi yatsa da zoɓo. Shuni dai ba na ƙananan ba ne. Amma gaskiya launukan gida ba su kai fentin ruwa na 'yan makaranta haske ba, wanda yake son kala mai ɗaukar ido ya sayi na shago.

Gargaɗi: kurkum da lalle suna kama tufa, ba sa fita da sauƙi. Gam mai kama nan take, wanda ake liƙa takalmi da shi, kada ya shigo wurin ko kaɗan, yana manne yatsu kuma haɗari ne ga ido.

7. Ado

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne uwa take bukatar riƙe hannunta. Ki raba aiki gwargwadon shekaru, ki nuna sau ɗaya, ki koma gefe.

'Yan shekara uku zuwa biyar aikinsu dangwale. A zuba launi kaɗan a murfin roba, su tsoma yatsa su dangwala a gefen katin. Dangwale biyar a zagaye ya zama fure. Dangwale ɗaya babba, idan ya bushe yayansu ya zana masa ƙafafu huɗu da ƙaho da biro, ya zama ragon layya. A gidanmu wannan ragon ne ya fi farin jini, Hajiya Kaka har yau nata yana maƙale a jikin madubi.

'Yan shida zuwa tara su ne masu hatimi. Ki yanka kuɓewa ɗanya a tsakiya, bakin yankan yana fitar da siffa kamar tauraro ko fure ba tare da an sassaƙa komai ba. Dankalin Turawa kuma a raba shi biyu, ki zana jinjirin wata a kai, ki sassaƙe gefen da wuƙa da kanki. Sirrin hatimi abu biyu ne. Na farko, a goge ruwan dankalin da tsumma kafin a sa launi, in ba haka ba zai tsinka fentin ya malale. Na biyu, kada a tsoma shi cikin launi, a shafa masa da ɗan soso, a gwada a jarida, sannan a danna a kati sau ɗaya a ɗaga a miƙe ba tare da murzawa ba.

Manyan, daga goma zuwa sama, a ba su ƙyalle. Su yanka siriri su manna a ƙasan katin kamar bakin zani, ko su yanka 'yar riga ko hula. Mai haƙuri a cikinsu zai iya gwada dagin Arewa da fensir sannan ya bi da biro. Gam ɗan kaɗan ake sawa, da tsinken ashana ko yatsa, a jikin ƙyallen ba a jikin katin ba. Gam mai yawa yana sa kwali ya kumbura ya lanƙwashe.

Abu ɗaya da za ki tsaya a kai: a bar tsakiyar katin fili don suna. Yaro idan ya samu launi sai ya cika ko'ina. Ki zana akwati da fensir a tsakiya ki ce nan gidan suna ne, ba mai shiga.

Bayan wannan, kada ki gyara musu. Idan rago ya zo da ƙafa biyar, a bar shi. Na taɓa karɓar katin 'yar autata na daidaita mata furen da ya karkace, sai ta ajiye soson ta ce, “Umma, ai yanzu naki ne.” Ba ta ƙara taɓa aikin ba ranar. Wanda za a kai wa katin ma hannun jikarsa yake so ya gani, ba naki ba.

Gargaɗi: ki guji ƙyalƙyali na gari, yana shiga ido yana zuba cikin abinci. Ƙananan duwatsun ado da maɓallai kuma a nisanta su da duk yaron da bai kai shekara uku ba, yana iya haɗiyewa su shaƙe shi.

8. Shanya

A jera su a faranti a inuwa, kada ɗaya ya hau ɗaya. Rana tana kashe launin zoɓo da kurkum, tana kuma lanƙwasa kwali. Da yake Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, wata shekarar za ta zo miki da zafi, wata cikin damina. Idan damina ce, irin ta Kaduna da ruwa zai wuni yana zuba, ki shigar da su ɗaki ƙarƙashin fanka ki ba su dare guda. Da sun bushe, a tara su a sa farar takarda tsakani, a danne da littafi mai nauyi ko dutsen guga marar wuta har safe.

9. Rubutu

Sai washegari. Rubutu a kan kati mai danshi yana yaɗuwa, biro kuma yana huda shi.

A gaba a rubuta gaisuwa da sunan wanda za a kai wa, da sunan da yaran suke kiransa: Goggo, Baffa, Inna, Hajiya Kaka. A baya a rubuta daga gidan wa, da sunan yaron da ya yi katin. Idan kula ko kwano ne, a ƙara layi ɗaya, “Kular gidan wane ce.” Wannan layin ya fi komai yi mini amfani. Ki ja layi biyu da fensir marar nauyi, yaro ya fara rubutawa da fensir, ki duba, sannan ya bi da biro. Ki kula da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, dama ce ta koya musu. Wanda bai iya rubutu ba tukuna, ki ɗiɗɗiga masa haruffan ya bi. Yaron da yake zuwa makarantar allo kuma zai iya rubuta sunan kakansa da ajami, tsofaffi suna jin daɗin wannan ƙwarai.

Gargaɗi: kada a rubuta aya ko addu'a mai ɗauke da sunan Allah a katin da zai rataya a ledar nama. Ƙarshensa bola ne ko kwata. “Barka da Sallah” ta wadatar, addu'ar kuma yaro ya faɗe ta da baki idan ya isa. Lambar waya da cikakken adireshi ma ba su da wuri a kai, kati yana iya faɗuwa a hanya.

10. Kariya daga maiƙo da ruwa

Katin da zai bi yadi ko turare ba ya bukatar komai. Wanda zai bi abinci dole a rufe shi. Ki shimfiɗa salatif mai faɗi a gaba da baya, ki murza da bayan cokali don iska ta fita, ki datse gefe, ki sake buɗe ramin. Idan salatif ya ƙare, a goga farin kyandir a kan katin ko'ina, ruwa zai riƙa zamewa. Amma sai bayan an gama rubutu, domin biro ba ya kama kan kyandir. Ƙyalle mai tudu ba ya karɓar salatif da kyau, don haka katunan nama su zama masu hatimi ko dangwale, masu ƙyalle a bar wa busassun kaya.

11. Zare da ɗaurawa

A yanka ulu tsawon santimita 30. A ninka biyu, a tura bakin ninkin ta rami, a zaro jelar biyu ta cikin madaukin a ja a hankali. Idan ulun ya ƙi shiga, a naɗa wa bakinsa ɗan salatif. Zaren bakin buhun shinkafa ko siririn ƙyallen atamfa ma suna yi, ƙyallen ma ya fi kyau a ido.

A kula, ki ɗaura a hannunta, ba a murfi ba, domin murfi ana ajiye shi gefe. A nama, ki ninka leda biyu, ki ƙulle, katin ya zauna a wuyan ta waje. Kada kati ya shiga cikin abinci ko ya taɓa nama. Ambulan ɗin goron Sallah kuwa a huda kusurwarsa kafin a sa kuɗi a ciki, kada a huda takardar kuɗin.

Daren Sallah ki jera katunan bisa unguwa: na Kawo da Unguwar Dosa wuri ɗaya, na Tudun Wada da Rigasa wuri ɗaya, na cikin layi daban. Da safe ana zubawa ana ɗaurawa, wanda ya yi katin shi zai ɗaura, idan da hali shi zai kai.

12. Idan na Kirsimeti ne

A Kaduna da wuya gidan da ba shi da abokin aiki ko abokin arziki Kirista, a Barnawa ko Sabon Tasha ko Kakuri, wanda yake aiko da shinkafa ranar 25 ga Disamba, a mayar masa da tuwon Sallah. Matakan ba su canza ba, sai gaisuwar: “Barka da Kirsimeti” ko “Barka da Sabuwar Shekara”. Hatimin kuɓewa yana fitar da tauraro mai kyau, ja da kore kuma su ne launukan da aka saba.

Abin kula shi ne hunturu. Gam yana bushewa da sauri, don haka a shafa a manna nan take, a rufe robar. Ƙura tana sauka kan fenti mai danshi, saboda haka a shanya a ɗaki a kifa kwando a kai. Kuma yara a lokacin suna shafe da mai saboda kaushi, su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa kwali, in ba haka ba shatin yatsa zai fito a farin kati, launi kuma ba zai zauna a wurin ba.

Idan an gama, dankali da kuɓewa a zubar, ba sa ajiyuwa. Ma'aunin kwalin, da ragowar ulu da katunan da ba a rubuta wa suna ba, a sa su a gwangwanin madara mai murfi, a ɗora inda ɓera da danshi ba za su kai ba, tare da takardar sunayen nan ta matakin farko.